Hattara da Masu Nema wa Hitila Hujja

Jama'a, a tsaya a saurara. Akwai wani hoto da ke yawo a wayoyinmu, daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan, ya bi Facebook ya faɗa TikTok. Hoton wani Bature ne mai ɗan guntun gashin baki, a ƙarƙashinsa an rubuta wai ya ce da ya ga dama da ya ƙarar da Yahudawa kakaf, amma ya rage kaɗan don duniya ta gane dalilin da ya sa ya kashe sauran. Sai ka ga samarinmu suna ta zuba masa kirari, wani ya ce namijin duniya, wani har da yi masa addu'a. Duk wanda hoton nan ya shigo wayarsa, kada ya tura wa kowa. Wanda ya riga ya tura, ya koma ya goge, ya kuma gaya wa waɗanda ya tura wa cewa ƙage ne. Hitila bai faɗi wannan magana ba. Babu ita a jawabansa, babu a littafinsa, babu a wasiyyar da ya bari kwana ɗaya kafin ya harbe kansa ranar 30 ga Afrilu, 1945. Bai kuma rage kowa da gangan ba. Waɗanda suka tsira, wasu gudu suka yi, wasu ɓoye su aka yi, sauran kuwa sojojin Rasha da na Amurka da na Ingila ne suka cim masa kafin ya gama aikin.

Dafin hoton yana cikin kalma ɗaya, wato "dalili". Ita ce ke dasa wa mai karatu tambayar nan da na sha ji daga bakin mutanen kirki, masu sallah da azumi: to, su me suka yi masa? Ai ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne, ba ya tsami banza. Kisan mutum wajen miliyan 6 yana da musabbabi, kuma masana tarihi sun tono shi daga takardun makasan da kansu. Sai dai duk inda aka bi sawun, gidan makashin yake komawa, ba gidan wanda aka kashe ba.

Abin ya samo asali ne daga shan kaye. A watan Nuwamba na 1918 aka ci Jamus a yaƙin duniya na farko. Shekara huɗu ana gaya wa talakawa nasara na nan tafe, kuma ranar da aka ajiye makamai sojojin Jamus suna tsaye ne a ƙasar Faransa da Beljiyam. Manyan hafsoshi sun san an fi ƙarfinsu. Janar Ludendorff da bakinsa ya nemi a tsagaita wuta tun ƙarshen watan Satumba. Amma girman kai ya hana su fitowa su faɗa, sai aka ƙago labari wai da ɗan gari aka ci gari, wai 'yan gurguzu da 'yan siyasa da Yahudawa ne suka ci amanar soja daga cikin gida. Ga kuwa lissafin gaskiya: Yahudawan Jamus kusan 100,000 ne suka sa kaki a wannan yaƙi, wajen 12,000 suka bar ransu a fagen fama. Shi kansa Hitila, lambar girmamawar da ya riƙa maƙalawa a ƙirji har ƙarshen ransa, wani hafsa Bayahude mai suna Hugo Gutmann ne ya ba da sunansa aka ba shi. Lokacin da ya hau mulki ranar 30 ga Janairu, 1933, Yahudawan Jamus duka ba su wuce 500,000 da 'yan kai ba, wato ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba.

Yunwa ce ta buɗe masa ƙofa. A 1923 kuɗin Jamus ya lalace har dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4, ajiyar tsofaffi ta shekara da shekaru ta zama takarda. A zaɓen 1928, da abubuwa suka ɗan daidaita, jam'iyyarsa ta Nazi kashi 2.6 cikin 100 kawai ta samu. Da tattalin arzikin duniya ya rushe a 1929, marasa aiki suka kai miliyan 6, sai ga ta da kashi 37 a watan Yuli na 1932. Da yawa cikin waɗanda suka zaɓe shi burodi suke nema da tsoron gurguzu, ƙin Yahudawa bai dame su sosai ba. Sun dai ji yana faɗa, suka ce zafin siyasa ne, in ya hau zai huce. Ni a ganina waɗannan sun fi masu aƙidar ban tsoro, domin su ne masu yawa, kuma irinsu ba sa ƙarewa a kowace ƙasa.

Me ya sa Yahudawa aka zaɓa? Domin itacen da aka daɗe ana sara ya fi sauƙin kayarwa. Ɗaruruwan shekaru Turai na hana su mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'a a wurare da dama, aka bar musu ba da rance da ƙananan fatauci, sannan aka juyo ana zaginsu da son kuɗi. A garin Norwich na Ingila, a 1144, aka ƙaga musu sharrin kashe yaron Kirista don tsafi. Da annoba ta afka wa Turai a 1348, aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙone ɗaruruwansu a Strasbourg a shekarar da ta biyo. Daga baya, a 1903, wani littafin jabu ya ɓulla a Rasha, wai bayanan taron sirri ne da dattawan Yahudawa suka yi don mallake duniya. Jaridar Times ta Landan ta tona asirinsa tun 1921: kwafo shi aka yi daga wani littafin zambo da wani lauya Bafaranshe, Maurice Joly, ya rubuta a 1864 kan sarkinsu Napoleon na Uku, wanda ko sunan Bayahude babu a ciki. Duk da haka 'yan Nazi suka buga shi suka baza, kuma har yau ana sayar da fassararsa a harsuna da dama kamar wani abin kirki. Mukan ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki. A kuma lura da yadda tuhumar take cin karo da kanta: wai Bayahude ne mai banki, shi ne kuma ɗan gurguzun da zai ƙwace bankin. In ya yi arziki ya yi sata, in ya talauce ya zama kaya. Zargin da ke cin mutum ta kowace fuska ba shaida yake nema ba.

Abin da Hitila ya ƙara a kan tsohuwar ƙiyayya shi ne aƙidar jini, kuma a nan ne ya kamata ɗan Afirka ya buɗe kunne da kyau. Ƙiyayyar zamanin da, duk muninta, ta bar 'yar ƙofa: Bayahude in ya shiga coci sau da yawa sai a ƙyale shi. Hitila ya toshe ƙofar. A wurinsa 'yan Adam iri-iri ne kamar dabbobi, suna kokawar ƙasa da abinci, mai ƙarfi ya rayu, rarrauna ya mutu, Bayahude kuwa cuta ce a jikin kowace al'umma. Dokokin Nuremberg na Satumban 1935 da ƙa'idojin da suka biyo bayansu ba su tambayi abin da mutum yake bauta wa ba, kakanninsa suka ƙirga. Mai kakanni uku ko huɗu Yahudawa Bayahude ne, ko da bai taɓa taka wurin ibadarsu ba. Edith Stein ta shiga Katolika a 1922, ta zama 'yar zuhudu, amma da rigarta ta zuhudu aka kama ta a Holan aka kashe ta a Auschwitz a watan Agustan 1942. Wanda yake zaton yaƙin addini Hitila ya yi bai san shi ba. Laifin da ya kama mutane da shi haihuwa ce, wadda babu mai tuba daga gare ta.

To ina muke a wannan tsani nasa? Can ƙasa. A littafinsa ya kwatanta baƙar fata da biri, ya ce ɓarna ce a ilimantar da shi har ya zama lauya. Ya kuma zargi Yahudawa da cewa su suka kawo sojojin Afirka yankin kogin Rhine don su gurɓata jinin farar fata. 'Ya'yan da waɗannan sojoji na Faransa suka haifa da matan Jamus, a 1937 aka tattara ɗaruruwansu a asirce aka yi musu aikin da ya hana su haihuwa har abada. Haramcin aure da aka ɗora wa Yahudawa a 1935, a shekarar aka faɗaɗa shi ya haɗa da baƙar fata. Da Jamus ta afka wa Faransa a 1940, sojojinta sun riƙa ware fursunonin yaƙi baƙaƙe daga farare suna bindige su. Ana kiran waɗannan dakaru 'yan Sanagal, amma daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma ta Faransa aka kwaso su, har da Nijar. Waɗanda aka kashe haka sun kai 1,500, wasu masana na cewa har 3,000. A Chasselay, kusa da birnin Lyon, akwai maƙabartarsu mai jar katanga irin ginin ƙasarmu ta Sahel. Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, an harbe shi ranar 7 ga Yuni, 1940 a Airaines saboda ya nemi a ɗauke shi hafsa kamar sauran hafsoshi. Saurayin da ya sa hoton Hitila a fuskar shafinsa, da ya faɗa hannun mutanen nan da ba su tambaye shi ra'ayinsa kan Yahudawa ba. Kakanninmu ma da suka sa kaki a yaƙin da tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, suka je Habasha da Bama, abokan ƙawancensa suka yaƙa.

Aƙidar ba ta bar 'yan gida ba. Kafin a kai ga Yahudawa da iskar guba, Jamusawa masu naƙasa da masu taɓin hankali aka fara gwada ta a kansu, wajen 70,000 zuwa Agustan 1941, wai suna cin abinci a banza. Ma'aikatan da suka ƙware a wannan aiki su aka tura Folan suka riƙe sansanonin Belzec da Sobibor da Treblinka. Al'ummar Roma ma an kashe musu dubban ɗaruruwa.

Sai kwaɗayi, wanda shi ya ja talakan gari cikin laifin. Aƙida ta manya ce, amma shago da gida da kujerar ofis kowa na so. Tun Afrilun 1933 aka kori Yahudawa daga aikin gwamnati, wasu suka gaje kujerunsu. Aka matsa wa 'yan kasuwa suka sayar da kantunansu da arha ƙwarai. A daren 9 ga Nuwamba, 1938 aka ƙone ɗaruruwan wuraren ibadarsu, aka farfasa dubban shaguna, aka kama maza wajen 30,000, sannan gwamnati ta ci tarar waɗanda aka yi wa ɓarnar mak biliyan 1. Hujjar ita ce wani yaro Bayahude ɗan shekara 17 ya harbe jami'in jakadancin Jamus a Faris. Laifin mutum ɗaya aka shafa wa al'umma guda. Da aka fara kwasar mutane zuwa gabas, sai a yi gwanjon gadajensu da tukwanensu, maƙwabta su zo su taya. Hukumar jiragen ƙasa har kuɗin tikiti take karɓa a kan kowane kai da ta kai mahallaka, yara rabin kuɗi, 'yan ƙasa da shekara huɗu kyauta. Wanda ya kwana a gadon maƙwabcinsa ba ya fatan maƙwabcin ya dawo. Shi ya sa ko bayan yaƙi, a Yulin 1946, aka kashe Yahudawa 42 a garin Kielce na Folan, cikinsu har da waɗanda suka tsira daga sansani.

Yaƙi ne ya mai da kora ta zama kisa. Da farko so ake su fice, har aka yi shirin jibge su a tsibirin Madagaska a 1940, shirin ya rushe. Duniya kuwa ta rufe ƙofa: ƙasashe 32 suka taru a Evian a 1938, kusan kowace ta kawo uzuri. Ranar 30 ga Janairu, 1939, Hitila ya tsaya a majalisa ya yi alwashin cewa in aka sake yaƙin duniya, Yahudawan Turai ne za a shafe, wato tun kafin ya kunna wutar ya riga ya nuna wanda zai ɗora wa laifin. Da ya afka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni, 1941, ƙasar noma yake nema, kuma masu tsara masa abinci sun riga sun lissafa cewa miliyoyin mutanen can za su mutu da yunwa don sojan Jamus ya ƙoshi. Rundunonin kisa suka bi bayan soja. A kwarin Babi Yar da ke Kiyef, cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba, suka harbe mutum 33,771, kuma su da kansu suka rubuta adadin suka aika Barlin. Ranar 20 ga Janairu, 1942, manyan jami'ai 15 suka zauna a wani gida a Wannsee ƙarƙashin Reinhard Heydrich. Takwas daga cikinsu masu digirin dakta ne, don kada wani ya ce jahilci ne. Suka baje jerin Yahudawan Turai, miliyan 11, har da na ƙasashen da ba su ci ba: Ingila 330,000, Ayalan 4,000. Albaniya mutum 200 aka rubuta mata. Mai neman dalili ya gaya mini, me mutum 200 a duwatsun Albaniya suka yi wa Jamus? A 1944, yaƙi ya riga ya juya musu baya, amma daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli suka kwashe mutum wajen 437,000 daga Hangare, akasari zuwa Auschwitz. Ba tsaro ba ne wannan, ba riba ba ce. Aƙida ce ta cinye mai ita.

Yara wajen miliyan 1.5 na cikin waɗanda aka kashe. A Oktoban 1943, a birnin Posen, Heinrich Himmler, ɗaya daga cikin shugabannin Nazi, ya yi wa manyan jam'iyya bayanin hujjarsa: bai ga dacewar a kashe iyaye a bar 'ya'yan da za su girma su ɗauki fansa ba. A riƙe wannan da kyau. Makasan ba su ɗauki kansu azzalumai ba, masu kare kai suka ɗauki kansu. In ba mu gama da su ba za su gama da mu, shi ne zancen. Kuma ba aljanu ba ne. A garin Józefów, a Yulin 1942, kwamandan wata bataliyar 'yan sanda ta mutum wajen 500, akasarinsu magidanta daga Hambug, ya ce wanda ba zai iya ba ya fito gefe. Wajen goma sha biyu kawai suka fito. Sauran suka harbe mutum 1,500 a yini guda, wasu na amai suna ci gaba, don kada abokai su ce musu ragwaye.

Na san abin da ke zuciyar masu tura hoton, Gaza ce. Zafin da ake ji na gaskiya ne, kuma wanda ya ga gawawwakin yara a ƙarƙashin ɓaraguzai bai yi laifi ba in ya yi fushi ya kuma faɗa da ƙarfi. Amma a duba kwanan wata. An kafa Isra'ila a 1948, shekara uku bayan mutuwar Hitila. Jaririn da aka jefa rami a Babi Yar bai taɓa jin sunan Gaza ba. Hasali ma zaluncin Turai ne ya kora Yahudawa Falasɗinu da yawan da ba a taɓa gani ba. A 1933 gwamnatin Nazi ta ƙulla yarjejeniyar da ta sauƙaƙa wa dubban Yahudawan Jamus ƙaura can, kuma a 1935 kaɗai sama da 60,000 suka shiga ƙasar daga sassa daban-daban. Mai yabon Hitila don son Falasɗinawa yana yabon ɗaya daga cikin masu haddasa musu bala'i ne, yana kuma miƙa wa masu kare zaluncin yau sandar da za su doke shi da ita. Ba a ɓoye cewa Muftin Ƙudus, Amin al-Husaini, ya gana da Hitila a Nuwamban 1941 ya kuma yi masa farfaganda, tabo ne da ba ya wankuwa. Amma akwai Mohammed Helmy, likita ɗan Masar da ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya a Barlin. Akwai ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rhodes, Selahattin Ülkümen, da ya ƙwato wajen mutum 50 a 1944. Akwai iyalan Albaniya, da yawansu Musulmi, da suka ƙi ba da baƙinsu saboda amana, har yaƙi ya ƙare Yahudawan ƙasar sun fi yadda suke da farko yawa. In gwarzo ake nema a wannan tarihi, ga su nan.

Gargaɗin bai tsaya kan Yahudawa ba, domin Bahaushe ma baƙo ne a wurare da yawa, ɗan kasuwa mai zama a zango, wanda ake iya nunawa da yatsa ranar da abinci ya yi tsada. A 1969 Gana ta kori baƙi, mutanenmu na cikin waɗanda suka bar gidaje da shaguna. A 2022 an zubar da jinin Hausawa da na maƙwabtansu a jihar Blue Nile ta Sudan kan batun ƙasa da sarauta da waye ɗan asali. Mu ma hannunmu ba a wanke yake ba, wanda ya san kashe-kashen 1966 a garuruwan Arewa ya san haka. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya kai abin da aka yi a Turai, kuma ban kawo su don a daidaita ba. Kalaman ne iri ɗaya: dukansu ɗaya ne, a jininsu yake, su suka hana mu ci gaba, gara mu riga su. Yau ana faɗarsu a kan Fulani, a kan Ibo, a kan mabiya wata aƙida, a kanmu. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka, malamai da limamai da fastoci, a taɓo wannan a mumbari, domin addinanmu biyu ba su yarda a kama ɗa da laifin uba ba, balle jariri da laifin ƙabila. Iyaye, a leƙa wayoyin yara, in an ga alamar nan mai lanƙwasassun hannaye huɗu a tambaye su ko sun san ta wace ce. Malaman makaranta, a koya wa ɗalibai shekarun da adadin, don mai ƙarya ya same su da makami. Ku kuma masu riƙe da zauruka a waya da masu shirye-shirye a rediyo, nauyinku ya fi na kowa, kada ku ce ai tura wa kawai na yi. Julius Streicher yana da wata jarida mai suna Der Stürmer, wadda tun 1923 ba ta da aiki sai zana Yahudawa a siffar ɓeraye da macizai da gizo-gizo, ana manna ta a allunan kan titi yara na tsayawa suna kallo. Bai jagoranci runduna ba, bai riƙe sansani ba, bai halarci taron Wannsee ba. Kotun Nuremberg ta same shi da laifin cin zarafin bil Adama saboda abin da ya riƙa bugawa, aka rataye shi ranar 16 ga Oktoba, 1946.